Motar da Ba Ta Fita Ran Lahadi

Na ji ku ranar sunan ɗiyar Habiba, kuna zaune a tsakar gida kuna ba jikoki labarin "motar Baba". Ban tanka ba, don ranar taro ce. Amma tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, har hannuna ya saba da alƙalami, to zan gyara muku. Motar nan ba ta babanku ba ce, Allah ya jiƙansa, shi ma bai taɓa cewa tasa ce ba. Ni na saye ta, da shanuna. Maganar da baffanku Arzika ya bar muku kuwa, wai na bar albasar mutane ta ruɓe saboda taurin kai, rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ba ku sani ba.

A shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai muna Ambursa, shinkafa da damina, albasa da rani, duk a fadama. Noma bai taɓa gagarar mu ba. Abin da ya gagare mu shi ne fitar da abin da muka noma. Manyan motocin masu saye iyakarsu Birnin Kebbi da Argungu, ba mai yarda ya gangaro da motarsa cikin laka da yashi. Sai mai jaki ya ci, dillali ya ci, wanda ya aiko dillalin ya ci, mu da muka yi ta ban ruwa da ƙwarya mu tashi da ciwon baya. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Gidanmu ba gidan kulle ba ne, ina turara shinkafa in kai Birnin Kebbi in sayar gida gida, don haka na san farashin da ake sayar da guminmu in ya bar hannunmu.

A can na ji cewa wani Bature mai kwangilar hanya yana haɗa kayansa zai koma ƙasarsu, yana sayar da komai, har da motoci biyu masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda kuke ce wa a-kori-kura, sai dai waɗannan sun fi naku ƙarfi nesa. Ɗaya koriya ce, an yi mata sabon fenti tana ƙyalli. Ɗayar tsohuwa ce tun ta zamanin yaƙi, mai dogayen ƙafafu, ba ta da wani launi da za a kira, ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Ni kuma ina da shanu. Karsana guda Inna ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, ta yi ta haihuwa a hannun wani Bafulatani a bayan Argungu har ta zama ɗan garke. Ba ni da wani abu a duniya da zan ce nawa ne sai su.

Na ishe babanku yana gyaran kwashe, fartanyarsa ta noma, na ce masa:

"Malam, mota nika so in saye."

Ya ɗago ya dube ni. "Kulu, mota? Ke ko keke kin taɓa hawa?"

"Saniya ma ban taɓa hawa ba, amma ga ni da su."

Babanku mutum ne da ba ya cewa a'a, ba ya kuma cewa i. Ya ce a kira Yaya. Baffanku Arzika ya zo, ya ji, ya yi dariya har ya share hawaye, amma da ya ga kuɗin ba nasa za a taɓa ba sai sha'awa ta kama shi. Ya ce mace ba ta shiga yadin Bature inda ake ajiye motocin, su za su je su dubo. Suka je suka dawo da labari. Sun zagaya koriyar, sun harbi tayoyinta, an danna musu oda sun ji amonta, akawun Bature ya nuna musu wani agogo a gaban direba ya ce bai yi nisa ba. Har cikin bakinta sun leƙa, kamar masu sayen doki. Na ce tsohuwar fa?

"Wagga ai ba mota ba ta," in ji baffanku. "Kaji ma ba su yarda su yi ƙwai ciki."

Ban yi musu ba. Ban san inji ba, su ma ba su sani ba, bambancinmu kawai ni na san ban sani ba. Amma akwai inda na sani. A bayan yadin akwai layin ɗakunan direbobi, kuma ina kai shinkafa can. Cikin masu saye akwai Saratu, matar wani direba Bitrus, Kiristoci ne daga can ƙasar duwatsu wajen Jos, aiki ya kawo su. Mace ce mai dariya, mai tsananin ciniki, ba ta taɓa barin mudu ya sauka ba tare da gyara ba. Na same ta tana wanki. Na ajiye ƙwaryata, na kama mata matsa.

"Uwar Ladi, sabulu nawa kika ci a wata?"

"Inna Kulu, kin koma sayar da sabulu ne?"

"Tambaya nika yi. Maigidanki wace mota shika ja?"

Ta ce tsohuwar. Na ce da fa? Ta ce da koriyar yake ja. Sai ta saki wankin ta miƙe, ta fara ba ni labari da hannu da ƙafa. Lokacin koriyar, in ji ta, rigar Bitrus baƙin mai har hammata, ta wanke ta wanke fatar hannunta ta saɓule. Tuwonsa kullum sai ya kwana ya zama ɗumame, don yana can kan hanya kwance ƙarƙashin mota. Amma tun da aka mayar da shi kan tsohuwar, da zafinsa yake cin tuwo, har ya fara tumbi. Ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki, ta nuna mini igiyoyin shanya biyu. Ɗaya tata, riguna sun koɗe amma fes. Ɗayar ta matar wanda ke jan koriyar yanzu, ko wace riga kamar an goge gindin tukunya da ita. Na tsaya ina kallon igiyoyin nan, na ji a raina cinikina ya ƙare.

Sai Saratu ta rage murya. Ta ce kada in ruɗi kaina, tsohuwar nan tana da hali. Akwai yadda ake lallashinta da safe, akwai ƙarar da in ta yi sai a tsaya, akwai wadda in ta yi sai a ƙara wuta. Duk wanda aka ba ita ban da Bitrus sai ya dawo a ƙafa. Su kuma tafiya za su yi. Ta ɗaga labulen ɗakinta na ga kaya a ɗaure, tabarmi a naɗe, tukwane cikin buhu. Bature na tashi su ma gida za su koma.

Da na ce wa mutanen gida tsohuwar nake so, baffanku ya ce an yi mini asiri. Na bar shi da wannan. Na tafi Argungu na sa aka kora shanun kasuwa, ban bar ko ɗaya ba sai wata tsohuwar saniya da ba mai taya ta. Sannan na shiga wajen Inna, don gara ta ji daga bakina. Tana kaɗi, ba ta ajiye mazarin ba.

"Kin sai da abin da ka haihuwa, kin sayi abin da ka tsatsa."

"Inna, shanun na can daji, ni ina nan ina ɗaukar kaya bisa kai."

"Karsanar nan uwata tab ba ni uwarta. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi. Har ta bar duniya ba ta taɓa sa ƙafarta cikin motar nan ba. In na je gaishe ta sai mun tsaya nesa da ƙofar gida na ƙarasa a ƙafa. Wannan ban taɓa warkewa daga gare shi ba, kuma ba zan ce muku na warke ba.

Ranar ciniki na zauna gindin wata bishiyar bedi a bakin yadin, babanku yana shiga yana fitowa, shi ne wakilina. Na ce masa ya kushe tsohuwar, ya faɗi ƙofa, ya faɗi gilashin da ya tsage, ya faɗi kujerar da ciyawa ke leƙowa. Ya ce shi ba zai kushe abin da ya zo saye ba, Allah na gani. To Allah ya ba ni baffanku. Shi da zuciya ɗaya koriyar yake so, ya tsaya a kanta yana shafa, yana rantsuwa cewa ko kyauta aka ba shi waccan ba zai ɗauka ba. Akawu ya ji haka ya tabbata tsohuwar za ta yi kwantai a hannunsa. Babanku ya fito ya faɗa mini abin da aka yanka, na ce ya koma ya taya ƙasa. Ya koma, aka ce albarka. Ya fito yana gumi, ya ce shi kunya yake ji. Na ce ya aro tawa rashin kunyar ya koma. Haka muka yi ta yi har rana ta take, akawu ya gaji ya sallama. Kuɗin shanun ya isa, har da ɗan abin zuba mai. Baffanku bai san ya yi mini aiki ba, ni kuma ban gode masa ba, don da ya sani da ya fasa.

Saura ciniki na biyu, wanda ya fi wuya. Ƙarfe na saya, mai tayar da shi kuma kayansa a ɗaure. Na je ɗakin Saratu na jira Bitrus. Dogo ne, baƙi, ba ya son yawan magana. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya zauna mu yi maganar aiki. Kan lada ba mu ja ba. Sai ya ce yana da sharaɗi biyu.

"Uwargida, ba wanda zai taɓa sitiyarin nan sai ni. Kuma ran Lahadi ba na aiki, ina zuwa sujada."

"Ko kasuwa ta kama?"

"Ko kasuwa ta kama. Bature ma haka ya ce ya yarda. Amma sau da yawa ina tsakiyar waƙa a coci za a aiko a fitar da ni."

"Ni ba Bature ba ta. Na yarda."

Ya dube ni, ya dubi matarsa. Ya ce za su gwada zuwa faɗuwar ruwa. Na lura ko da suka ce sun zauna, Saratu tukunya biyu kawai ta ciro daga buhu. Sauran kayan suna nan a ɗaure.

Ranin nan ba zan manta da shi ba. Motar tana kwana ƙofar gidanmu, Bitrus ya zo da kekensa da sassafe ya yi ta lallashinta har ta yi tari ta kama. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, ga igiyar ƙarfe naɗe a goshinta, in ta kafe sai a ɗaura a bishiya ta ciro kanta. Ranar da ta fara gangarawa fadama har bakin gonarmu, mata suka bar ban ruwa suna guɗa. Masu dariya suka fara zuwa da sallama, a ɗaukar musu buhu biyu, a ɗaukar musu uku. Babanku da kansa yake lodi, ya ɗaure rawani a ƙugu, ya hau saman kaya yana ɗaga wa mutane hannu. Ina jin daga nan sunan "motar Baba" ya samo asali, don shi ake gani a sama. Ran Juma'a ba ta fita sai an sauko masallaci, wannan sharaɗin babanku ne. Mutanen gari suka ce motar Kulu ta fi kowa addini.

Sai bazara ta zo. Mun cire albasa, tamu da ta maƙwabta gida huɗu, mun zuba a buhuna mun jera a ƙofar gida. Wani babban mai saye daga kudu yana Argungu da motarsa, ya aiko cewa ran Lahadi da la'asar zai ɗaure kaya ya tafi. Mun shirya kaiwa ran Asabar. Ran Asabar ɗin ruwan farko ya sauko ba zato, kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa buhunan nan sarai, ya cika kwaruruwan hanya, ba mota ba ko jaki bai fita ba. Ku da kuka tashi cikin albasa kun san abin da ruwa ke yi mata cikin buhu da zafin bazara. Ba ta jira.

Lahadi da hantsi hanya ta tsane. Baffanku ya shigo da wani mutum daga tasha, ya ce direba ne, ya ja manyan motoci har Kano. Maƙwabta suka taru a zaure.

"Kulu, hito da makulli. Ga direba."

"Yaya, motar na da direba."

"Shina can shina waƙa! Motarki ta ko tashi? Albasa ta san Lahadi?"

Babanku ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali yadda ya saba. "Kulu, ba tamu ba ta mu kaɗai. Akwai ta mutane. In ba ki ba wanga, to aika a kira Bitrus. In ke kinka aika, zuwa za shi yi."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Na san in na aika Bitrus zai ajiye littafinsa ya zo, ya kai albasa, ba zai ce mini komai ba. Sannan ruwa na zama ya ɗora kayansa a motar haya, ni kuma in zauna da ƙarfe a ƙofar gida wanda ba mai iya tayarwa, ba shanu, ba mota. In kuma na ba baƙon nan, ko ya kai ta ko ya kashe ta a hanya, maganata ta riga ta karye. Ba zan ce muku tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni ba. Akwai shi, akwai kuma lissafi. Amma ko lissafin ya ce in aika, da bakina na ce wa mutumin nan ni ba Bature ba ce, a gaban matarsa.

Na sa aka ba baƙon ruwa da goro, na ce ya gaida gida. Na ɗaura makullin a bakin zanena. Sannan na ce duk mai son albasarsa ya kawo tabarma. Muka farke buhunan nan muka baje su a rana, tun daga ƙofar gida har bakin masallaci, muna tsince wadda ta fara laushi muna jefarwa. Wasu suka taya ni, wasu suka tsaya suna zagi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce mini abin da ba zan rubuta ba. Baffanku ya kaɗa riga ya fita, ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata. Mai saye ya ɗaure kayansa ya tafi. Albasa ta ruɓe, mai yawa, warinta ya kwana uku a unguwa. Abin da maƙwabta suka rasa na cike musu daga tamu, don haka asarar kusan duk a kanmu ta sauka. Wannan shi ne rabin da baffanku ya faɗa muku, kuma bai ƙara komai ba.

Litinin da sassafe na ji ƙarar keke. Bitrus ne, ya goyo Saratu a baya. Labari ya riga ya kai musu. Ya tsaya yana kallon tarin ruɓaɓɓiyar albasa, ƙudaje sun rufe ta.

"Uwargida, an ce jiya an kawo wani."

"An kawo. Ya sha ruwa ya koma."

"Me ya sa ba ki aika ba?"

"Jiya wace rana ta?"

Ya juya ya buɗe bakin mota, ya daɗe a ciki fiye da yadda ya saba. Da ya fito sai ya ce wa babanku a yi lodin abin da ya tsira, ba Argungu za mu tsaya ba, Sakkwato za mu wuce, can ba a rasa masu saye. Babanku ya shiga gaba, ni da Saratu muka hau baya kan buhuna. Ban taɓa zuwa Sakkwato ba sai ranar. Muka sayar, ba da tsada ba, amma hannu da hannu da mai babbar mota, ba dillali a tsakani. A nan na ga hanyar da muka bi shekara da shekaru bayan haka.

Muna shirin juyowa aka nemi Saratu aka rasa. Can sai ga ta tafe, ƙarti biyu na biye da ita suna mirgino turmi. Ban taɓa ganin turmi irinsa ba, na kirya ne, ya kai mini ƙugu, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Ga taɓarya biyu a kafaɗarta. Bitrus ya riƙe kai.

"Saratu, wannan ai sai ya karya mini mota."

"Motar da ta ɗauki albasar gari? Ɗora mini kayana."

Na ce, "Uwar Ladi, wanga uban turmi, wa za ya ɗaukar miki shi zuwa ƙasarku?"

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Wa ya ce miki ƙasarmu zai je?"

Mutum huɗu suka ɗora shi, babanku ya ɗaure shi da igiya. Na hau na zauna a kansa, don ba buhun da ya rage, muka kamo hanyar gida muna warin albasa, Saratu tana waƙarsu ta coci, ni ina riƙe da ƙarfen bodi ina dariya ni kaɗai. Turmin da kuka tashi kuka gani a tsakar gidansu a Birnin Kebbi, wanda kuke shiga ciki kuna ɓuya in kun je wajen Ladi, shi ne.